Bindigar Fentin Lurwanu

In ka tambayi mutanen layinmu a Hindawiyya wane ne Lurwanu, abu ɗaya za su ce maka: mutumin kirki, ba ruwansa. Wannan magana ta ishe ni. Duk wanda na ji ya faɗe ta sai in ji kamar in watsa masa shayin da ke hannuna, don na san abin da suke nufi. Suna nufin mutumin da za ka ɗora wa kaya ya ɗauka, ka ƙara masa ya gyara tsayuwa, ka manta ka ce masa sannu, shi ya ce maka na gode. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ni ce autarsu Dalal, don haka ba wanda zai koya min halinsa.

Kakanmu ya taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa, ya zo aikin Hajji bai koma ba. A nan Makka aka haifi Baba, a nan aka haife mu. Yaya Lurwanu yana da shekara goma sha bakwai Baba ya rasu, ya ajiye littattafai ya kama wankin motoci a Kudai, inda manyan motocin alhazai suke tsayawa. Daga wanki ya koyi kwance inji, daga nan ya zama direba. Yanzu shekararsa arba'in da ɗaya, yana jan doguwar bas daga Kudai zuwa Harami, ya dawo ya koma, ya dawo ya koma, hanya ɗaya tilo, har na taɓa ce masa ko an ɗaure masa ido zai kai. Ya yi wa ƙannensa maza biyu aure. Ya aurar da ni, auren ya mutu, shi ya je ya kwaso min kayana. Nasa auren kuwa, in an tambaye shi sai ya ce bayan mausim, wato in an gama hidimar Hajji. To mausim nawa aka yi tun daga lokacin? An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo. Dutsen dai ya dahu, amma mu muka shanye romon.

Innarmu Mas'uda da hatsin tantabaru ta rene mu. Shekara talatin tana zama a bakin hanyar Harami da 'yan ƙullin alkama a leda, alhazai suna saya suna watsa wa tsuntsaye, ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, suna koro ta, ta tattara ta gudu, in sun wuce ta dawo. Yanzu gwiwoyi sun ƙi, amma kullum rana na fitowa sai ta rarrafa saman bene da kwanonta ta watsa musu. A Makka ko yaro ya san tantabarar Harami ba a kashe ta, ba a ko firgita ta, wanda ya kashe ɗaya sai ya yanka tunkiya fansa. A gidanmu abin ya wuce nan. Ko shanya suka ɓata maka ba ka isa ka ɗaga musu hannu ba. Inna takan ce su suka saya mana takalman makaranta, kuma da gaske take yi.

Bara bayan Hajji kamfanin su Yaya ya kwashi direbobi ya kai su Jidda, wai su huta. Aka kai su wani fili a bayan gari inda ake wasan harbin fenti, wanda samari suke ce wa bentbol. Ana raba mutane gida biyu, kowa ya sa abin rufe fuska, a ba shi bindigar iska mai harba 'yan ƙwallaye kamar 'ya'yan magarya. In ƙwallo ta same ka sai ta fashe, fenti ya ɓata ka, ka ɗaga hannu ka fita. Shi ke nan fa wasan. Manyan mutane da gemunsu suna laɓewa bayan tsofaffin tayoyi.

Ranar ya shigo gida da shati ja a wuya, yana ɗingishi, yana dariya. Wallahi ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ranar. Ya zauna a kan dardumar falo yana ba ni labari da hannu da ƙafa, wai shi ne na ƙarshe da ya rage a fili.

"Dalal, su duk gudu suke yi," in ji shi. "Ni kuwa na saba jira a layi. Na samu bayan wata ganga na zauna, su suka riƙa kawo min kansu ɗaya bayan ɗaya."

Daga nan abin ya shiga ransa. Akwai wani abokin aikinsa Rakan, matashi ne mai rawar kai, shi ya tara direbobi shida suka zama ƙungiya. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai su cika mota ɗaya su tafi Jidda, su dawo bayan magariba. Ƙannensa maza da suka ji sai suka sa dariya, wai tsoho ya koma wasan yara, wai da kuɗin man da yake ƙonawa ai gara ya ƙara wa Inna na cefane. Su da ba su taɓa kawo ko kwalin madara gidan ba. Na wanke su tas a gaban matansu, har yau ɗayan ba ya gaishe ni da kyau, ko a jikina. Mutum ya shekara ashirin da huɗu yana wa kowa bauta, ya samu yammaci ɗaya a mako ya ce nasa ne, shi ne ya tsone musu ido.

Wata shida yana wasa da bindigar haya. Su masu wasan ba sa cewa bindiga, markar suke cewa, wai ai alama kawai take yi wa mutum. Ni dai abin da ke da kunama da baki bindiga ne. Ta hayar kuwa ta sha jiki: yau iska na zuba, gobe ƙwallo ta fashe a cikin bututu, ka auna gabas ta tafi kudu. Rakan ya ce masa, "Ya ammi, baffana, hannunka ya fi ƙarfin kayan haya, ka sayi taka." Kowa in an ce masa haka washegari zai je ya saya. Yaya Lurwanu sai da ya yi wata uku yana nazari. In ya dawo daga aiki sai ya kishingiɗa da waya yana kallon yadda ake kwance wannan, yadda ake ɗaure waccan, yana rubutu a bayan takardar jadawalin aikinsa. Ko mota za a saya ba a yi mata haka.

Bai tsaya nan ba, sai da ya je wurin limamin unguwa, don ya san an hana ɗaukar makami a cikin Harami. Liman ya saurare shi ya ce abin da ya fahimta wannan kayan wasa ne, amma kada ya yi yawo da shi a gari, kada ya tsorata mutum ko dabba. Ya dawo ya durƙusa gaban Inna ya faɗa mata. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, "Malam ya faɗi nasa. Nawa shi ne, abin nan ba zai hau min bene ba." Ya ce ya ji, a Jidda zai zauna, filin suna da akwatunan ajiya. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin haushi, wai mai shekara arba'in yana neman izinin sayen abin wasa.

Ranar sayen ni na kai shi a motata, don ina so in ga wannan abu da ya hana shi barci. Shagon yana jikin filin. Mai shagon, wani saurayi mai askin zamani, ya jera mana guda uku a kan tebur. Ta farko baƙa ce wuluk, da mariƙi da maɗauri, in ka gan ta daga nesa sai ka rantse ta soja ce. Saurayin ya ce sababbin shiga ita suka fi so. Yaya ko taɓa ta bai yi ba.

"Dube ni da kyau," ya ce masa. "A nan aka haife ni, aka haifi ubana, amma har yau in aka tsayar da ni a hanya iƙama, takardar zaman baƙi, ake fara tambayata kafin a ga katin ɗan ƙasa. Ni ne zan riƙe wannan a bainar jama'a? Mayar da ita."

Ta biyu mai batir ce, ja da ruwan azurfa, in ka taɓa kunamar sai ta yi ta zuba kamar ana soya gyaɗa. Ni ita ta burge ni. Na ce Yaya ɗauki wannan, sau ɗaya a rayuwarka ka sayi abu mai kyau. Ya juya ta a hannu, ya tambayi in ta lalace wa ke gyarawa, saurayin ya ce sai an aika waje. Ya ajiye. Ta ukun shuɗiya ce, ba ado, ba batir, ko makaho ya shafa ya san ta wasa ce. Ya roƙi ɗan ƙaramin mabuɗi, nan take ya kwance ta gaba ɗaya a kan teburin, ya duba robobin ciki ɗaya bayan ɗaya, ya shinshina man, ya mayar ya ɗaure. Mai shagon ya saki baki yana kallo.

"Wannan in ta yi tari na san abin da ke damunta," in ji Yaya. "Ita nake so."

Saurayin ya ba shi shawara, ya ce tunda ya zaɓi mai sauƙi to kada ya yi ƙoro wajen abin rufe fuska, ya ɗauki mai gilashi biyu wanda ba ya yin raɓa a zafin Jidda, don ido ba shi da na canji. Ya ɗauka. Aka haɗa masa da tulun iska da mazubin ƙwallaye da wata 'yar jaka da ake ɗaure bakin bututu da ita in ba a cikin wasa. Saurayin ya cika tulun, ya fita baya ya harba sau uku a gaban na'urar auna ƙarfi, ya ce daidai take. Yaya ya so ya shiga fili, aka ce wasu sun kama shi gaba ɗaya ranar, sai Juma'a mai zuwa. Ya tambayi akwatin ajiya, aka ce duk a cike suke, shi ma sai Juma'ar. Saurayin ya ce ba damuwa, a bar ta a bayan kantar shagon zai kula da ita.

A nan ne shaiɗan ya hau kaina. Na ce ba za a bar ta ba. Mutum ya yi wata uku yana mafarkin abu, ya saya, sannan ya koma gida hannu rabbana? In wani ya ɗauka ya yi wasa da ita fa? Yaya ya ce ya yi wa Inna alkawari. Na ce bene ta ce, ba ta ce mota ba, a but za ta zauna. Ya ce tulun iska ba ya zama a mota a zafin ranar Makka. Na ce to zan kai ta gidan ƙawata a Rusaifa, tana da ɗaki mai sanyi. Ya yi ta kallona, ni kuma na yi ta magana, kuma a gidanmu in na fara magana kowa ya san ƙarshenta. Ya ce, "Halas, shi ke nan, yadda kika gani."

Ban kai ta Rusaifa ba. Na sauke shi a masallaci, na naɗe jakar a cikin abayata na haye da ita ɗakina, na tura ƙarƙashin gado. In ka ce me ya sa, ni ma ba ni da amsa mai kyau. Haushin dokar Inna nake ji, kuma ina so in ji abin da ya sa yayana dariya.

Washegari Asabar ya fita aiki tun asuba. Rana ta fito Inna ta hau ta ba tsuntsayenta, ta sauko ta shiga ɗaki. Wajen ƙarfe tara na saɗaɗa sama da jakar. Yawancin tantabarun sun watse, saura kamar ashirin a kan katanga suna gyaran gashi. Na jingina wani kwali a jikin tankin ruwa, nesa da su, na ɗaura tulun yadda na ga saurayin ya yi, na zuba ƙwallayen da ya ba mu kyauta, na cire jakar bakin bututu. A raina harbi ɗaya zan yi in mayar. An ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, ni kuwa har da ɗaura ɗamara na je.

Na farko ko kusa da kwalin bai je ba, bango ya samu. Ƙarar ta fi yadda na zata. Tantabarun suka tashi gaba ɗaya suka yo kaina, na firgita, yatsana ya sake matsawa sau biyu ban sani ba. Ɗaya ta faɗo. Fara ce mai ɗigon toka a wuya, ƙirjinta ya yi sharkaf da fenti ruwan lemo, fiffike ɗaya ya juye. Na ɗauke ta, ta yi ta harbin iska da ƙafa a tafin hannuna, can ta daina.

Ga abin da na yi, ni mai bakin wanke mutane. Na tura ta bayan tanki. Na goge bangon da tsumma iya yadda zan iya. Na mayar da bindigar ƙarƙashin gado, na wanke hannu har gwiwa, na canza riga, na tafi kantin maganin da nake aiki a Kudai. Yini guda ina miƙa wa mutane magani ina murmushi, ina faɗa wa kaina ƙila kyanwa ta zo ta ɗauke.

Bayan la'asar muka shigo gida kusan tare da Yaya. Inna tana zaune a tsakiyar falo. A gabanta ta shimfiɗa farin ƙyalle ta kwantar da tantabarar, a gefe kuma ga jakar, ta jawo ta daga ƙarƙashin gadona. Ba ta dube ni ba.

"Lurwanu," ta ce.

Shi ne ɗanta na fari, tunda nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai ta ce Babban gida. Na ga kafaɗarsa ta sauka. Ya durƙusa.

"Me na ce maka game da abin nan?"

Ya dubi tsuntsuwar, ya dubi jakar, sannan ya dube ni sau ɗaya, kallon da bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Laifina ne, Inna. Ki yafe min."

Ina tsaye a nan. Bakina da ba ya rufuwa ko a gidan makoki, ranar ya rufu. Na buɗe, na ji muryar Inna tana rawa, na tuna yadda na dawo mata gida da akwatuna da surutun unguwa, na ce bari ta huce tukuna. Ƙarya nake yi wa kaina, tsoro ne kawai.

Inna ba ta yi ihu ba, da ta yi ma da ya fi sauƙi. Ta ce shekara talatin tana cin abinci daga bakin tsuntsayen nan, yau an kashe ɗaya a saman kanta da kayan gidanta. Ta ce gobe ya nemi tunkiya ya yanka ya raba wa miskinai. Sannan ta ce, "Ka yi min alkawari ba za ka ƙara taɓa abin nan ba, a nan ko a Jidda ko a ko'ina."

Ya dubi jakar. Sannan ya ce, "Na yi alkawari."

Ya sayi tunkiyar, aka yanka, ya bi layi yana rabawa. Ya kira Rakan ya ba shi jakar da duk abin da ke ciki, har abin rufe fuskar da ko ledarsa ba a cire ba. Rakan ya zo har ƙofar gida yana roƙo, wai ƙungiya ba za ta yi ba in ba shi, Yaya ya dafa kafaɗarsa ya ce ma'alesh, wato ba komai, ku ci gaba. Wannan ma'alesh ɗin ita ce kalmar da na fi tsana a duniya. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a gidanmu ni nake ja, shi yake jiƙewa, tun muna yara haka ne.

Kwana uku ban iya haɗiye abinci ba. Rana ta huɗu da safe na sami Inna tana tsintar tsakuwa a cikin alkama, na zube a gabanta na faɗa mata komai, tun daga shago har bayan tanki. Na ce ni ce, shi ko sani bai yi ba abin yana gidan. Na ce ta yi min duk abin da ta ga dama, amma ta sake shi daga alkawarin nan. Ba ta ɗago ba, hannunta bai daina tsinta ba.

"Na sani," ta ce.

Na ce ta san me?

"Ya fita tun asuba. Ita kuwa farar nan bayan fitowar rana ta ci hatsi a gabana. A ƙarƙashin gadon wa na samu jakar? Kin ɗauka tsufa ya cinye min hankali?"

Na ce to Inna, in kin sani, me ya sa shi? Ta ture tiren gefe, sai a lokacin ta dube ni.

"Ke in na ce ki bari, bari za ki yi? Tun kina rarrafe ba ki taɓa bari ba. In na yi miki faɗa ki yi kuka, jibi ki sake wani. Shi ne in na faɗa zai ji. Ta dalilinsa abin ya shigo, ta hannunsa kawai zai fita, ya kuma fita."

Na ce wannan zalunci ne. Ban taɓa faɗa wa Inna irin wannan kalma ba, amma na faɗa, na kuma maimaita. Na ce don yana jin magana shi ne za a ƙwace masa abu ɗaya tak da ya taɓa so? Na ce ni a kore ni daga gidan in ana so. Ta ce ba wanda zai kore ni, ba kuma za ta janye magana ba, in ya ci gaba da zuwa Jidda wata rana abin zai sake hawa benenta. Ta jawo tirenta ta ci gaba da tsinta. Na roƙe ta har muryata ta dushe, ko gezau.

Ban je aiki ba, na wuce tashar Kudai. Na same shi lokacin hutun azahar, yana zaune a matakalar bas ɗinsa a ɗan inuwa, yana cin gurasa da wake a leda. Na tsaya a kansa na juye masa duka. Na ce Inna ta sani tun farko, da gangan ta yi masa. Na ce alkawarin da aka karɓa a kan laifin da ba naka ba ai ba alkawari ba ne, ya tashi mu je wurin liman ya ji. Na ce masa ragon namiji, na ce masa jakin gida, na faɗi abubuwan da nake jin kunyar maimaitawa, direbobi suna waiwayenmu. So nake ya tashi ya zage ni, ko ya mare ni, ya yi wani abu dai irin na mai rai.

Ya bari na gama. Ya ce ya san ta sani, ai ba yau ya san Inna ba. Ya ce ya riga ya faɗa da bakinsa, kuma ba zai je ya nemo malamin da zai kwance masa maganar da ya yi wa uwarsa ba. Ya matsa ya ba ni wuri a matakalar, ya miƙo min gurasa. Na ƙi karɓa, amma na zauna. Muka yi ta kallon alhazai suna layi da jarkokin zamzam.

Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Dalal, da kika harba, yaya take a hannu?"

Na ce me?

"Tana zillo? Kunamar tana da tauri? Na so in ji ko nauyin tulun yana jan ta baya."

Sai a lokacin ya faɗo min cewa bai taɓa harba ta ba ko sau ɗaya. Mai shago ya harba sau uku, ni na harba sau uku, shi wanda ya yi wata uku yana zaɓe ko yatsa bai ɗora ba. Ni da ban san yadda ake riƙe ta ba, ko kwalin ban iya samu ba, me zan ce masa? Na ce ba ta zillo, ba ta da nauyi, daidai take tafiya.

Ya gyaɗa kai a hankali, har da ɗan murmushi. "Na san ita ce," ya ce. Aka kira lambar motarsa, ya naɗe ragowar gurasar ya sa a aljihun ƙofa, ya hau ya tayar da inji. Na tsaya a ranar nan ina kuka ina zaginsa a zuci, ya buɗe ƙofa alhazai suka fara shiga.